Garmahon Illo Tela

Litinin, 13 Janairu 1969

Na saye shi. Yau, a Maraɗi, a kantin Balaraben nan na bayan kasuwa. Garmaho mai aiki da pil, wato batir, ja da ruwan toka, cikin marfinsa murya ke fitowa. Har da faifai uku.

A kamyon, babbar motar da muka dawo cikinta, bisa cinya na riƙe shi. Wata tsohuwa ta tambaye ni ko keken ɗinki ne ƙarami. Na ce mata a'a, inna, wannan ya fi keke.

Tun muna yara nake sonsa, tun ranar da ni da Ɗan Baba abokina muka kai gyaɗar babansa Maraɗi bisa jaki, muka ji kiɗa na fitowa daga gidan wani bature. Mun tsaya bakin shinge har mai gadi ya kore mu. A hanya Ɗan Baba ya rantse shi zai riga ni saye. To, ga shi a ɗakina, ni Illo tela, da allura da zare na same shi. Shi yana can Ɗan Issa yana yaron mota.

Talata, 14 Janairu 1969

Barira matata ta kai hannu za ta taɓa allurar, na buge hannun. Ba da ƙarfi ba. Ta ce, "Malam, cizo yake yi?" ta koma wurin tukunyarta. Ba ta ƙara kallonsa ba yinin nan.

Juma'a, 17 Janairu 1969

Bayan la'asar na fito da shi ƙofar shago. Rabin Madarumfa ta zo. Masunta sun taso daga bakin tabki da ƙarnin kifi a jikinsu, na sa su tsaya nesa. Faifan mai kukuma suka fi so, ni kuwa na 'yan Kwango, ko kalma ɗaya ba na ji amma jita ɗin nan tana shiga har ƙashi. Wani tsoho ya zagaya bayan akwatin yana leƙen inda mawaƙin ya ɓuya.

Ban taɓa jin girma irin na yau ba. Na ƙoshi. Ba na neman komi kuma a duniya.

Asabar, 9 Agusta 1969

Ruwa ya kwana. Ɗaki na yoyo ta kusurwar gabas. Na lulluɓe garmaho da bargona, na ɗora shi bisa akwatin Barira. Tabarmar ɗiyarmu Rabi ta jiƙe, yarinya ta tashi da tari. Uwarta ta ce, "Da ɗiyarka faifai ce da ba ta jiƙe ba."

Maganar mata.

Lahadi, 14 Maris 1971

An daɗe ban rubuta ba, ba abin rubutawa. Faifai sun wuce goma. Duk bikin da za a yi a garin nan sai an aiko a roƙe ni, kuma ba na ba da aro, ni nake kai shi, ni nake ɗora allura. Ɗan Baba ya sayi motar kansa, an ce. Yaƙin Najeriya ya yi masa rana, kowa ya san abin da ake ƙetarawa da shi lokacin nan. Ya zo gaishe ni, ya saurari faifai ɗaya, ya ce, "Illo, ka riga ni, na yarda." Da dariya ya faɗe shi. Dariyar ce ban so ba. Wanda aka kayar ba haka yake dariya ba.

Litinin, 27 Nuwamba 1972

Ɗan Baba ya dawo gari da zama. Ya gina ɗaki mai kwano kusa da tasha, ya buɗe kanti. Ya je Makka bara, yanzu Alhaji ake ce masa. Ni dai Ɗan Baba na sani.

Ya zo da wani abu daga Kano, rediyo mai kaset. Ba faifai, ba allura. Wai har maganar mutum yake ɗauka ya mayar masa.

Alhamis, 7 Disamba 1972

Na fito da garmaho bayan la'asar kamar kullum. Mutum biyu suka zauna, ɗaya kurma ne, ɗaya kuma wandonsa yake jira.

Daga nan ina jiyo ihunsu a tasha. Wai an ɗauki muryar mai kiran kasuwa yana atishawa, shi ne abin dariyar. Mutanen da suka shekara huɗu suna shan kiɗana ba ko sisi. Ko wanda ya ɗaga mini hannu da zai wuce babu.

Su je. Muryar kaset kamar mutum na magana cikin tulu take. Nawa ya ishe ni.

Lahadi, 4 Fabrairu 1973

Sunan ɗan Asma'u, matar Ɗan Baba. Ba a aiko neman garmaho ba. Karo na farko.

Barira ta tafi tun safe taya aiki, sai magariba ta dawo, fuska a sake, tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Na ce in ta gama yawon gidan masu kuɗi akwai tuwo da ba a tuƙa ba. Waƙar ta tsaya.

Asabar, 8 Satumba 1973

Hatsi ya bushe a tsaye. Tabki ya ja baya har yara na wasa inda jirage ke tsayawa da. Ba mai kawo ɗinki, wa zai yi riga cikinsa na kuka? Mutanen arewa na ta sauka da sauran dabbobinsu, fata da ƙashi.

Barira na da ciki.

Juma'a, 16 Nuwamba 1973

Jiya ta faɗi abin da na san za ta faɗa. Rumbu ya kusa ƙasa. Ta durƙusa nesa da ni, murya a sanyaye: "Malam, ka kai abin nan Maraɗi. In Allah ya kawo sauƙi ka sayi wani."

Na yi faɗa. Amma yau da asuba na naɗe shi cikin zane na tafi.

Balaraben ya tashi daga kantin. Na zagaya kasuwa da shi a kai kamar mai tallan dawo. Wani mai gyaran rediyo ya buɗe, ya juya faifan da yatsa, ya ce, "Baba, wa ke sayen wannan yanzu?" Baba! Yaron da ban ba shekara goma ba. Abin da ya taya ko hatsin kwana uku bai saye.

Na dawo da shi. Na ce wa Barira an taya da daraja, ni na fasa, ba zan rabu da abina ba. Gara ta ɗauke ni mugu da ta san ba ya da wata daraja. Ta dube ni, ta dubi Rabi, ta fita tsakar gida.

Laraba, 5 Disamba 1973

Ɗan Baba ya aiko da buhun dawa. Ina shago aka kawo, Barira ta karɓa har ta ɗiba ta jiƙa. Na ce a mayar. Ta ce, "Ka mayar da kanka, ni ba ni iya ɗauka, kuma ba ni so in iya."

Ba ta taɓa yi mini magana haka ba.

Ban mayar ba. Na ci tuwon. Ban je godiya ba.

Talata, 1 Janairu 1974

Pil ya ƙare tun watan jiya. A garin nan kantin Ɗan Baba kaɗai ke da shi. Na goge faya-fayai na jera. Kallonsu ma ya isa.

Litinin, 15 Afrilu 1974

An ce soja sun karɓi mulki a Yamai. A rediyon tasha aka ji. Ƙafafun Barira sun kumbura, zobe ba ya fita daga yatsarta.

Alhamis, 2 Mayu 1974

Barira ta rasu ranar Litinin. Ita da abin da ke cikinta.

Naƙuda ta zo da jini. Ungozoma ta ce sai Maraɗi. Ni na ruga tasha, ni na buga ƙofar Ɗan Baba, ni na ce, "Alhaji, ka taimake ni." Bakina ne ya faɗi Alhajin. Ko takalmi bai tsaya nema ba, ya tada mota. Asma'u ta riƙe kan Barira a baya. Ba mu kai rabin hanya ba Asma'u ta ce a tsaya.

Ba ta bar mini wata magana ba. Ruwa kawai ta nema.

Lahadi, 19 Mayu 1974

Rabi na wurin kakarta a Gabi. Ɗaki ya yi girma.

Asabar, 22 Yuni 1974

Wani ya kawo mini pil daga Katsina a madadin kuɗin ɗinki. Na sa faifan 'yan Kwango. Lafiya lau yake, murya tas, kamar ranar da na saye shi. Abin kirki ne, ban yi zaɓen banza ba. Suna ta waƙarsu suna ta murna, mutanen da ba su taɓa jin sunan Madarumfa ba.

Na bari ya kai ƙarshe. Allura ta yi ta ƙarzar tsakiya, ban tashi ɗagawa ba sai da na tuna za ta lalace.

Laraba, 14 Agusta 1974

Ruwa ya dawo bana, gonaki sun yi kore, kowa na hamdala. Yanzu ya ga damar zuwa.

Ɗan Baba ya zo shago da yadi, babbar riga yake so. Yana da teloli a Maraɗi da suka fi ni keke, na sani, shi ma ya san na sani. Ina gwada shi ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Asma'u na gyaran kaya ta ci karo da kaset ɗin ranar suna. An bar shi yana ɗauka a tsakar gida wurin mata. Akwai muryar uwar Rabi a ciki."

Na ce ya ɗaga hannu in auna.

Ya ce, "Duk ranar da ka so."

Na ce ina da abin saurare a gidana.

Juma'a, 16 Agusta 1974

Wa ya ba su izinin ɗaukar muryar matata? Wa suka tambaya?

Talata, 3 Satumba 1974

Ina ɗinki na so in tuna yadda take kiran Rabi. Kalmar na nan, muryar ce ba ta zuwa. Na san waƙar mai kukuma daga farko har ƙarshe, har inda yake jan numfashi na sani. Tata kuwa...

Na ɓata wuyan rigar, sai da na warware.

Lahadi, 27 Oktoba 1974

Na kai masa rigarsa. Don rigar na je, tun kafin Sallah ya kamata a ce ta isa.

Ya shigar da ni zaure, ya sallami masu zaman kanti. Bai tambaye ni ba. Ya danna abin, ya fita ya bar ni.

Hayaniya ce kawai. Taɓarya, kukan jinjiri, kwanoni, mata na magana bisa maganar juna. Har na fara cewa a raina ai ga shi nan, muryar cikin tulu. Sai na ji, kusa ƙwarai, kamar a bayan kunnena: "Asma'u, ina kika aje ludayin nan? Ko a miya kika dafa shi?" Sai dariya.

Dariyar ce ban gane ba da farko. Wata irin dariya mai tsawo har da shaƙewa, har wata na cewa "Barira, za ki faɗa wuta!" Shekara goma sha ɗaya muna ɗaki ɗaya, ban san tana da irin wannan ba. A gidan Ɗan Baba ta aje ta.

Shi ke nan abin da ke ciki nata. Ludayi da dariya.

Ban san yadda ake mayar da shi baya ba. Na zauna ina kallon maɓallan har ya dawo. Ya nuna mini da yatsa, wannan baya, wannan gaba, ya sake fita. Na daɗe.

Da zan tafi ya ce in ɗauki rediyon in je da shi gida. Na ce a'a, ina da nawa.

Alhamis, 7 Nuwamba 1974

Rabi ta dawo daga Gabi, ta yi tsawo. Ta tambaye ni ko gaskiya ne innarta na cikin akwatin Alhaji. Na ce ba ta cikin akwatin kowa, tana wurin Ubangijinta. Ta ce to muryar fa?

Asabar, 9 Nuwamba 1974

Garmaho na nan lafiyarsa ƙalau. Na goge shi da safe, na duba allura, ba abin da ya same ta. Har gobe ban ga wanda ya kai shi murya ba, kuma ba zan sayar ba ko an taya.

Pil ɗin dai na cire. In suka daɗe a ciki ruwa suke yi su ɓata ƙarfe, kowa ya san haka. Da sauran ƙarfinsu, zubarwa asara ce. Kuma girmansu ɗaya da na rediyon Ɗan Baba, na lura rannan. Bai kamata mutum ya yi ta cinye wa wani pil ba.

Rabi ta sa su a aljihun rigarta tun azahar, sai kai da kawo take a ƙofar shago. Na ce ta jira in gama ɗinkin wannan hannun mu tafi.