Idon Koma

Kaka,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafa? Na iso babban taron muhalli lafiya. Zauren sanyi kamar cikin randa, kowa da na'urar fassara a kunne. Sun kafa taswira a bango, tafkinmu an shafe shi da kore, an rubuta "babu mai amfani da shi". Da wannan takarda za su hana ku kamun kifi har abada. Minti uku kacal aka ba ni. Tsoro nake ji, Tsoho. Me zan ce?

Jikarka.

Aku sarkin magana,

Na amsa, ƙafa da sauƙi. Tela ke rubuta mini, yana ta dariya: wai ke da minti uku! Masu awon da suka zana taswirar nan sun zo ne a watanni ukun da muke jingine kwalekwale don kifi ya zuba ƙwai. Suka ga ruwa shiru, ba su tambayi kowa ba. Duba ƙasan jakarki, na cusa tsohuwar komata ta kamun kifi. Ki zura yatsu huɗu a idonta su gani. Ta nan ƙananan kifi ke wucewa tun zamanin kakana. Allah ya ba ki sa'a.

Kakanki.

Kaka,

Barka da hutawa. Ashe ƙarnin da ya ishe ni a jirgi aikinka ne! Na ɗaga komar, na zura yatsu a idonta, kowa ya gani. Wata tsohuwa daga ƙasar ƙanƙara ta rungume ni, ta ce haka aka yi musu. Masu awon sun yarda su sake zuwa dubawa, amma ranar da suka sa ta sake faɗawa cikin hutun kifi. Na roƙa su canja, sun ƙi. Don Allah ku shiga ruwa ranar, ku jefa koma ko sau ɗaya, su gan ku.

Taka har kullum.

Aku,

Na yi kuka da na ji, tela shaida ne. Amma koma ba za ta taɓa ruwa ba, kifi na da ciki. Za su same mu zaune a bakin tafki, mu duka, har da jarirai. In sun sake rubuta babu kowa, to sun rubuta muna kallonsu.

Ki dawo mini da komata. Allah ya yi miki albarka.

Kakanki.