A Taimaka Mini In Wanke Maman Godiya

Zuwa ga Shugaban asibitin da aka yi mini aiki a Katsina.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka baki ɗaya.

Ni tela ne a Ƙofar Guga. Wata da watanni ciwo ya addabe ni a gefen cikina na dama, ƙarƙashin haƙarƙari, har taka keken ɗinki ya gagare ni. Likitanku ya ɗauki hoto, ya ce tsakuwoyi ne a matsarmamata, aka yi aiki aka cire. Yau ga ni ina tashi da tuwo malmala biyu, ina ƙyaƙyata dariya ba tare da na dafe ciki ba. Wallahi farin cikina ba ya misaltuwa.

Sai dai ina da ƙorafi.

Na farko, likita ya yi mini alkawarin za a ba ni tsakuwoyin a kwalba. Da na farfaɗo na tambaya, aka ce an zubar. Ni na sha dakonsu, amma ko kallo ban samu ba!

Na biyu, ba don ado nake nemansu ba. Ciwon yakan tashi ne duk ranar da na ci masa mai maiƙo a wurin Maman Godiya, maƙwabciyarmu 'yar Filato. Sai mahaifiyata, Inna, ta yanke hukunci cewa barbaɗe aka yi mini. Ta faɗa a gidan suna, magana ta zaga unguwa, masu saye suka janye. Na yi bayanin cewa maiƙo ne ke tayar da ciwon tsakuwoyin har bakina ya gaji, Inna ta ce ita sai ta gani da idonta. Maman Godiya kuwa, baiwar Allah, har gadon asibiti ta kawo mini kunu, Inna ta mayar mata da shi ko buɗewa ba a yi ba. Na ji kunya ƙwarai.

Don haka ina roƙo a daina zubar da abin da aka ciro sai an tambayi mai shi. Sannan ranar da zan dawo a duba ni, da Inna zan zo. Don Allah likita ya zaunar da ita, ya nuna mata hoton, ya yi mata bayani da Hausa. Ta fi jin maganar mai farar riga a kan ta ɗan da ta haifa. Ni kun sallame ni garau, amma maƙwabciyata har yau suyar masa take yi, ba mai saye, ta koma da ita gida.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya yi wa hannun likitocinku albarka.

Wassalam.
Lawal Tela, Ƙofar Guga.