Gurbin da ke Gefen Papa

Lindenhorst, Natal
3 ga Yuni, 1987

Ƙanena Eckhard,

Ina gaishe ka da kyau. Yaya Sigrid da yara, yaya saran rake? Da fatan tarin nan ya sake ka. Gonarka ba ta da nisa, amma na zaɓi takarda, don in na zo da kaina zan faɗi abin da bai kamata matarka ta ji ba.

Mama ta daina shan maganin zuciyarta. Yau kwana tara. A tukunyar fure na tsinci ƙwayoyin. Da na tsare ta, sai ta ce, "Hinrich na kwance, likita ya ce ba zai wuce wata ba. In ya riga ni, shi zai kwanta kusa da ubanku."

Lissafinta daidai ne. A makabartar cocinmu ba a ware wa iyali wuri, layi ake bi, kowa ya kwanta gefen wanda ya riga shi. Tun da muka binne Papa a Fabrairu ba wanda ya rasu. Ke nan uwarmu tana tseren mutuwa da tsohon da ya shekara talatin yana faɗa da Papa kan iyakar gona.

Kai ne shugaban dattawan coci. Ku ajiye mata gurbin nan, ta koma kan maganinta.

Ubangiji ya tsare.
Yayarka, Adelheid

11 ga Yuni

Eckhard,

Ina fata kuna lafiya. Mu dai ba lafiya ba.

Amsarku ta iso. Ku shida kun zauna, kun sha kofi, kun ce ba a taɓa yi ba, wai tsarin kakanni ne don kowa ya zama ɗaya a gaban Allah.

Ni na karanta littafin cocin na farko, wanda kuka kulle a akwati don ba mai iya karanta tsohon rubutun kakanni a cikinku. Shekara biyu da saukar kakanninmu daga keken shanu zazzaɓi ya faɗa musu. Mutum goma sha tara suka mutu cikin mako bakwai. Maza uku ne suka rage a tsaye, ba su da ƙarfin zaɓen wuri, suka riƙa haƙa rami gefen rami. Fasto ya rubuta: "Allah ya gafarta mana, mun raba mata da mazansu." Gafara ya nema, Eckhard. Ku kuma kun mai da abin doka.

Batun zama ɗaya kuwa, ka leƙa bayan shinge, inda 'yan ƙabilar Zulu da suka gasa tubalin cocin nan suke kwance ba ko dutse a kan kabarinsu. Sannan ka dawo ka maimaita mini.

Ƙafafun Mama sun kumbura. Jiya ta sa na goge baƙar rigarta, ta zaɓi waƙar da masu ƙaho za su busa mata ranar jana'izarta. Kullum da safe tana kasa kunne ko ƙararrawar coci za ta buga ta sanar da rasuwar Hinrich. Ka zo ka dube ta, ka faɗa mata da bakinka.

Adelheid

20 ga Yuni

Ƙanena,

Gaisuwa gare ka da iyali. Sannu da ɗaukar gawa. Na ga kafaɗarka tana ba ka wahala.

Ba ka ga abin da ya faru bayan jana'izar Hinrich ba, don ka tsaya sallamar baƙi. Mama ta ce in tura ta a keken guragunta zuwa bakin layin. Ta daɗe tana kallon sabuwar ƙasar da ke gefen Papa, ba ta yi kuka ba. Ta ce da Papa, "Ka yi haƙuri, tsohona, na yi iyakar ƙoƙarina." A nan ni na kasa daurewa.

Sai ta dubi filin da ke biye, ta tambaye ni na wane ne. Na ce na wanda ya biyo baya. Ta ce, "Wato ni, gefen Hinrich? Har tashin matattu? Mai da ni gida, ki ba ni ƙwayar nan."

Ta sha. Ta ci burodi da miya rabin kwano. Likita ya ce kwanakin nan sun yi wa zuciyar ɓarnar da ba ta gyaruwa, wataƙila ta ga Kirsimeti, wataƙila a'a.

Kada ka kuskura ka ce dokarku ce ta cece ta. Shekara hamsin da ɗaya suna kwana ɗaki guda, kun sa maƙwabci a tsakaninsu.

Ranar Lahadi zan kawo littafin, zan karanta layin faston nan a gaban jama'a. Ka zo da wuri, Mama ta ce kai za ka tura ta.

Yayarka har kullum,
Adelheid