Harajin Fansho, Rumfata da Hannun Surukina

Malam mai wannan fili, ka taimake ni da shawara kafin wata ya mutu. Wata takarda ce ke kan teburina, ina ta kewaye ta kamar kare ya ga bushiya.

Shekara talatin da uku na yi ina aikin gwamnati, duba sikeli da ma'auni a kasuwa. Ni ne mutumin nan da in ya shigo ta babbar ƙofa, kafin ya kai layin mahauta duk wani kwano mai lotsattsen gindi ya shige ƙarƙashin buhu. Na san mai liƙa ƙarfe a bayan faranti, na san mai danna babban yatsa yana yi maka hirar damina. Da na yi ritaya sai na kama rumfa da kuɗin sallama, ina sayar da ƙusa, kwaɗo da igiya. Waɗanda na sha kamawa su ne maƙwabtana yanzu. Har gobe Sufeto suke ce min, kuma in zan auna ƙusa sai ka ga wuya uku sun miƙo.

Fansho kuwa, saƙo ya shigo waya in ce alhamdu lillahi, ban taɓa karanta takardar ba. Sai watan jiya uwar 'ya'yana, wadda ke adana kowace takarda a tsohon gwangwanin madara, ta ɗora tabarau ta nuna min wani siririn layi can ƙasa. Haraji. Ashe shekara uku ke nan ana gutsura ban sani ba. Ta yi dariya har da riƙe ƙofa, wai wanzami ya zo hannu.

Ba faɗa nake ba, Malam, so nake in gane. Ina karɓar albashi an cire haraji, wata bayan wata. Fansho kuwa ai ragowar wancan gumin ne. To akuyar da aka riga aka yanka, da wane wuya za a sake yanka ta? Ko akwai wata hikima ce da ba ta iso kasuwa ba?

Ana cikin haka sai ga takardar shekara daga ofishin haraji. Gurbi na bakwai yana tambaya ko ina da wata hanyar samun kuɗi ban da fansho. Majalisar rumfa ta zauna. Mahauci ya ce in rubuta babu, wa ya taɓa ganin ƙusa da rasit. Mai robobi ya ce in ce rumfar ta matata ce, ai dama ita ke mulkina. Ni ma na buga nawa lissafin: sun ci nawa a fansho, in na ɓoye rumfa an yi kunnen doki.

Ga inda gizo ke saƙar. Mijin 'yata ta biyu akawu ne mai lasisi, cika wa mutane irin wannan takarda shi ne abincinsa, kuma a ƙasanta akwai wurin sa hannu da hatimin wanda ya cika. Na kira shi na ce ya rubuta babu. Ya sunkuyar da kai ya ce tawadar bironsa ta ƙare. Na miƙa masa nawa, ya ce ya baro hatimi a ofis. Da ya dawo kuma wai kansa na sarawa. Yau kwana tara bai taka gidana ba, shi da ba ya kwana biyu bai zo gaida ni ba. 'Yata ta kawo jikoki ita kaɗai, gaisuwarta a tsaye.

Na san in na matsa zai sa hannu, yaron ba ya iya haɗa ido da ni. Wannan sanin ne ma ya hana ni matsawa. Me ka gani?

Tsohon Mai Duba Sikeli

AMSA

Baba, tambayarka biyu ce ka ɗaure da igiya ɗaya. Bari mu kwance.

Ta farko tana da kyau, kuma ba kai kaɗai ke yin ta ba. Dokar haraji ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, tana kuma canzawa, don haka ba zan yanke maka hukunci daga kan kujerata ba. A wasu wurare ana ware kason fansho daga albashi tun kafin a lissafa haraji, wato wannan kason bai taɓa jin wuƙa ba, jinkirta masa aka yi. A wasu wuraren ba a taɓa fansho sam, ko kuma sai ya haura wani adadi. Mai yiwuwa abin da ake cire maka daidai ne, mai yiwuwa kuskure ne da ya yi shekara uku yana barci.

Ka roƙi Mama gwangwaninta. Ka ɗauki takardun fansho da tsohuwar takardar albashi ko guda ɗaya, ka je ofishin da kanka. Ka tambaye su da wace doka ake cirewa, daga nawa ake farawa, kuma in an zarce yaya ake mayarwa. Ka ce a rubuta maka. Kai da ka yi aikin gwamnati ka san maganar baki ba ta shiga fayil.

Batun rumfa kuwa, ina ganin ka tsorata da inuwa. Galibi riba ake dubawa, ba ciniki ba. In ka cire kuɗin kaya, haya da dako, abin da ya rage zai iya zama ɗan kaɗan. Na yarda akwai ciwo a ce ana gutsurar haƙƙin tsoho ba a ko yi masa bayani ba. Amma kunnen dokin nan naka ba ya tsayuwa, domin ba ka ma tabbatar an zalunce ka ba tukuna, kuma ko an yi, mayarwa ake nema, ba ramuwa ba. Su mahauci da mai robobi bakinsu kawai suka sa. In takarda ta tashi, ba sunansu za a kira ba.

Sunan surukinka za a kira. Kai abin da za ka rasa kuɗin tara ne, shi kuwa lasisinsa, wanda da shi 'yarka da jikokinka ke ci. Kuma ba neman shawararsa ka yi ba, umarni ka ba wanda kunya ta ɗaure wa baki.

Kada ka aika a kira shi. Ka je gidansa da ƙafarka, ka ce ka sake tunani, a rubuta rumfa a gurbi na bakwai, ya zauna ya taya ka fitar da ribar gaskiya. Kada ka tambaye shi labarin ciwon kai, kada ka bar shi ya ba ka haƙuri. Mutumin da ya gwammace ya yi maka ƙananan ƙarairayi uku da ya sa hannu kan babba ɗaya, 'yarka ta yi dacen miji.

Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya sa albarka a rumfa, ya cika gidanka da hayaniyar jikoki tare da ubansu.