Jatan Lande Babu Gishiri

Lafia, daren Laraba

Yau ma matata Rabi ba ta sa komai a ciki ba sai kunu, shi ma da ƙyar. Tun da ciwon ƙodar nan ya kwantar da ita, abu ɗaya take ambato, jatan landen da muka ci a Zanzibar shekarar da na bar aikin jarida, a wata rumfar bakin teku da muka yini muna cigiya.

Na zagaye kasuwa da safe ina neman jatan lande. Mai kifin da ke kusa da masu manja ta ce, "Oga, akwai shi mana," ta ɗebo min busasshen kirafish a mudu. Na kwatanta mata girmansa da yatsana. Ta yi dariya ta ce, "Wannan naka babansa ne, bai zuwa Lafia."

Da yamma wani direba ya kawo min jatan lande na ƙanƙara daga Abuja. Ni na gasa da kaina, na matsa lemon tsami, ban sa gishiri ba tunda likita ya hana. Ta tauna a hankali, ta ture farantin.

"Malam, ba shi ba ne."

Shi ne, kuma na san abin da ya rasa. Gishirin garin Keana na nan a kicin. Na daɗe tsaye a kansa. Likitan ya hana abubuwa da yawa, amma da na tambaye shi ko za ta tashi, takardunsa ya shiga gyarawa.

Akwai ragowar jatan lande. Gobe zan barbaɗa mata gishirin.