Lambar da Na Rubuta a Bango

Litinin, 14 ga Oktoba, 2024
Murja ta fara aiki a makarantarmu. Murja 'yar Nasarawan Doya, wadda na koya wa jadawalin bakwai da bulala a hannu! Yanzu wai digiri biyu. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni. Shugaban makaranta ya ce bana malamin lissafi ɗaya zai kai ɗalibai gasar Kaduna. Shekara goma sha ɗaya ni nake kai su. Da ya faɗa, ita ya kalla.

Laraba, 16 ga Oktoba
Ta daɗe tsaye gaban bangon aji shida, inda na rubuta lambata da fenti: 4,294,967,297. Ka fara da ɗaya, ka yi ta ninkawa sau talatin da biyu, ka ƙara ɗaya. Tun ina saurayi nake gaya wa ɗalibai ba ta rabuwa sai da ɗaya da kanta. Duk Ikara da ita aka san ni, har masu acaɓa Malam Gagara-raba suke kirana. To, me take kallo?

Alhamis, 17 ga Oktoba
Yara sun bi ta har bakin ƙofa suna dariya. Ni ban taɓa ganin abin dariya a lissafi ba.

Talata, 22 ga Oktoba
Ta jira ofis ya watse, ta ajiye mini 'yar takarda a ninke. "Baba Malam, a taya ni dubawa, wataƙila ni ce na yi kuskure." 641 × 6,700,417. Na ce zan duba in na samu sarari.
Sau huɗu na buga da hannu. Innalillahi. Daidai take fitowa, ko ɗaya ba ya saura.

Laraba, 23 ga Oktoba
Na tono tsohon littafina a ƙasan akwatin matata Hajo. Na gwada 3, 7, 11, 13, na bi lambobin da ba sa rabuwa ɗaya bayan ɗaya wata biyar. Na tsaya a 631. Takarda ce ta ƙare, ga yankan rake ya zo a Makarfi, na ce ai ta isa haka. Wadda ke biye da 631 ita ce 641. Guda ɗaya tak!
Hajo ta ce, "Malam, tuwon ya huce." Na daka mata tsawa, ba ta yi mini komai ba.

Juma'a, 25 ga Oktoba
Murja ba ta gaya wa kowa ba. Wallahi da ta tozarta ni a gaban shugaba da na fi samun sauƙi, in samu abin riƙewa. Kishinta nake yi, na rubuta. Ina kishin ƙwaƙwalwarta, ina kishin kirkinta. A huɗuba ma 641 nake ta jujjuyawa, Allah ya yafe.

Asabar, 26 ga Oktoba
Sa'idu mai shayi a tasha: "Gagara-raba, har yanzu ba ta rabu ba?" Shi ma ɗalibina ne. Na ce zuba mini shayi kawai. Su nawa ne ke yawo da ƙaryata a ka? Idan alƙalin gasa ya jefo wa yaran wannan tambaya fa, abin da na koya musu za su faɗa.

Litinin, 28 ga Oktoba
Na buga lissafin a allo gaban 'yan aji shida. Mukarrama ta ɗaga hannu: "Malam, wa ya gano?" Na faɗi sunan Malama Murja. Da ƙyar ya fito, amma na faɗa.
Na gaya wa shugaba gwiwata ba za ta iya zaman mota har Kaduna ba, ya tura Malama Murja. Ya yi mini sannu, har ya kwatanta mini wani man zafi.
Da ƙafa na dawo gida. Gwiwar lafiyarta lau.