Yatsu Huɗu a Jikin Bango

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya ƙafar taki? Yaya Baba da yara, yaya zaman Fatakwal? Mu nan Gaya sai godiya.

Gwaggo, kyamarar da kika aiko mini ta biya ni. Kin san dariyar da ake mini a gida, wai ba na ɗaukar mutane sai kangaye. To, kafin damina na je tsohon gidanmu na Toranke. Zauren ya rufta, gara ta cinye azara, awakin maƙwabta ke kwana a ɗakinki.

Ina cikin ɗauka sai wata tsohuwa ta leƙo, ta zaci mai sayen fili ne. Da ta ji ko jikan wane ne ni, sai ta ja ni bayan ɗakin ta ce, "Ɗan nan, dubi yaɓen nan da kyau." Sawun hannu ne tun daga sama har ƙasa, amma yatsu huɗu. Ta ce Kaka ne ya yi yaɓen da kansa, bayan lauje ya guntule masa ƙaramin yatsa.

Ban taɓa ganin mahaifin naku ba, ko a hoto. Na ɗora hannuna a kan sawun nasa, sannan na ɗauki hoton bangon.

Ruwan farko ya kwantar da bangon. Alhamdu lillahi da ya jira ni. Ke kuma Allah ya saka miki da alheri.

Ki sa mu a addu'a, ki gaishe mini da kowa. Ga hoton nan. Ni ƙirga yatsun kawai na yi. Ke ce hannun ya taɓa riƙewa.

Ɗanki.